Kun Tambaya: Yaya za a koyar da yara darasin maciji?

TAMBAYA: Ina koyar da kimiyya a aji biyar na wata firamare a karkara. Zan yi darasi a kan macizai, amma rabin yaran ko sunan ba sa son ji, sai dai su ce "igiyar ƙasa", sauran kuma burinsu in kira gardi ya zo da nasa. Ta ina zan fara? Malama, daga jihar Gombe.

AMSA: Malama, batun gardi a ajiye shi tukuna. Ko an cire wa maciji haƙoran dafi, wasu suna sake fitowa, kuma abin da yaro zai ɗauka ya tafi da shi gida shi ne ana iya kama maciji da hannu. Mataccen ma kada a kawo: kan da aka sare yana iya sara bayan an kashe shi, dafin kuma yana nan.

Abin da kike buƙata ba shi da tsada: saɓar maciji, igiya, tsinke biyu da 'yar roba.

Ki sa saɓar a farar leda ta zaga aji. Ki ce su duba wajen kai, za su ga wasu 'yan ƙwarya biyu masu sheƙi. Murfin ido ne. Maciji ba shi da fatar ido, shi ya sa ba ya ƙiftawa, kuma wannan murfin yana fita tare da tsohuwar fata. Su juya ta su ga ɓawon ciki masu faɗi da yake kama ƙasa da su in yana tafiya. A nan ne za ki faɗa musu cewa ƙashin bayan mutum gaɓa 33 ne, na macizai da yawa kuwa ya haura 200.

Sai ji. Yaro ɗaya ya toshe kunnuwansa ya ɗora haɓa a kan tebur, wani ya ƙwanƙwasa can ƙarshen teburin. Zai ji bugun ta ƙashin muƙamuƙi. Haka maciji yake jin motsin ƙasa, don ba shi da kunne a waje. Darasin da ke ciki: taka ƙasa da ƙarfi da buga sanda a ciyawa sun fi ihu amfani. Amma ki ja musu kunne, macijiyar nan da ake kira kasa ba ta cika gudu ba, kwanciya take yi lamo har a taka ta, saboda haka takalmi da tocila da dare ba su da madadi.

Harshen nan mai reshe biyu da yara ke cewa da shi yake sara, ba ya sara. Ƙamshi yake kwasowa ya kai wasu ramuka biyu a dasashin sama. Tsinke biyu da aka haɗa bakinsu da roba kuma su ne muƙamuƙin ƙasa: ɓari biyu ne da ba a manne suke ba, shi ya sa yake haɗiye ɓeran da ya fi kansa kauri.

Igiyar ki yanka ta huɗu: rabin mita kububuwa, mita 1 kasa, mita 2 gamsheƙa, mita 5 mesa. Ki shimfiɗa su a ƙasa ki tambaya wacce ta fi kashe mutane a yankinku. Kusan duk za su nuna mesa, alhali ba ta da dafi ko kaɗan, matsewa take yi. Amsar ita ce guntuwar nan, kububuwa. Kada ki koya musu cewa mai dafi shi ne mai kai kusurwa uku. Kan gamsheƙa ba haka yake ba, kuma dafinta ba wasa ba ne. Doka ɗaya ta ishe su: kowane maciji, a ja baya, a kira babba.

TAMBAYA: Ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa ba a ɗaure ƙafa in maciji ya yi sara. Mu da ɗauri da tsaga muka tashi. Wa ke da gaskiya? Wani uba, daga Langtang.

AMSA: Yaron ne, Malam. Ɗauri mai tsanani yana hana jini zuwa ƙafar har naman ya mutu, wani lokaci ya kai ga yanke ta. Tsaga kuwa ta fi muni a saran kububuwa, domin dafinta hana jini daskarewa yake yi, sai wurin ya yi ta zuba ba tsayawa. Tsotsa da baƙin dutse ba sa fitar da dafin da ya riga ya shiga jiki.

A kwantar da wanda aka sara, a cire zobe, agogo ko warwaro kafin kumburi ya taso, a sa wa gaɓar katako kamar ɗorin karaya ba tare da matsewa ba, a ɗauke shi, kada ya taka da ƙafarsa. Don zafi a ba shi farasitamol. Asfirin da ibufurofen suna ƙara zubar jini. A nufi asibitin da ke da allurar kashe dafi, irin na Kaltungo a Gombe ko na Zamko da ke kusa da ku. Ba sai an tsaya farautar macijin ba. A can za su ɗibi jini kamar mililita 2 a busasshiyar kwalba mai tsabta su ajiye minti 20; in bai daskare ba, dafi ya shiga jini, sai allura.

Inda aka fi yin sake shi ne ganin mutum yana magana yana cin abinci, sai a ce ya warke. Jinin dasashi ko na fitsari kan bayyana bayan sa'o'i, wani sa'in sai washegari, ba banza ake ce wa kububuwa gobe-da-nisa ba. Idan kuma gamsheƙa ce ta tofa a ido, abin da take iya yi daga nisan mita 2, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon na minti 15, kada a murza, sannan a tafi asibiti a duba.