Me yasa bama auna gajiyar mai ciwon daji da ido

Toh ƙanwata, kin ce me yasa muke wahalar da mara lafiya da cike fom alhali zamu iya tambayarsa kawai ko yana jin gajiya. Ai da yawansu "da sauƙi" zasu ce miki don kar su dame ki, kuma wannan gajiyar ba irin ta wanda yayi aiki ya kwanta ya tashi garau bace, mutum zai kwana yana barci ya farka kamar bai runtsa ba, wanka kaɗai sai ya zauna ya huta kafin ya gama. Babu gwajin jinin da ke nuna girmanta, sai abinda ya faɗa da bakinsa.

Shi yasa ba kowane fom muke ɗauka ba. Sikelin da kika hau yace kilo 60 kika sake hawa yace 70 ai ba sikeli bane, haka fom, in halin mutum bai canza ba dole makin ya tsaya kusa da inda yake. Kuma ya zama gajiyar yake aunawa, ba damuwa ko ƙarancin barci ba, don suna kama sosai amma maganinsu daban.

Ga fom biyu na auna gajiyar: BFI (Brief Fatigue Inventory) da aka fitar a asibitin MD Anderson na Amurka a 1999 tambaya 9 ne, kowacce ana ba ta maki daga 0 zuwa 10, uku kan tsananin gajiyar, shida kan yadda ta hana shi tafiya, aiki, mu'amala da mutane da sauransu cikin awa 24. Na biyun, FACIT-Fatigue, kuma tambaya 13 ne kan kwana 7 da suka wuce, maki 0 zuwa 52, amma ki kula wallahi, a nan maki mai yawa shine sauƙi, saɓanin BFI, sabbin shiga suna yawan juya shi.

Kar ki canza kalmomin don kina sauri, kar ki bari ɗan jinya ya amsa masa, in baya iya karatu ki karanta masa yadda aka rubuta ki jira shi. Fom ɗin da kika fara dashi kafin kemo (maganin daji na chemotherapy) dashi zaki ci gaba. In ya ba gajiyarsa 4 ko sama cikin 10 ki sanar da likita a duba ƙarancin jini, ciwo, barci da abincinsa.