Agogon hannu da kyamarar shago: wa ke ganin bayanaina?

Tambaya: Salam Malam. Na sayi agogon nan mai ƙirga taku da bugun zuciya, kuma na sa kyamara mai waifai a shagona ina kallo ta waya. Abokina yace wai na tona wa kaina asiri. Da gaske ne ko tsoratarwa ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka yana da gaskiya, sai dai mutane da sun ji irin wannan magana hankalinsu kan masu kutse yake tafiya, alhali yawancin bayanan da ke fita kai da hannunka ka danna ka amince ranar da ka sauke manhajar agogon ko ta kyamarar, ko karantawa baka yi ba, kuma ban ga laifinka ba, wa ke da lokacin wancan dogon rubutun.

Agogon yana tura wa waya, waya ta tura wa sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da suke ajiye bayanai. Takun rana ɗaya ba komai bane, amma a tara na wata uku mana, za a san ƙarfe nawa kake fita asuba, ta wane lungu kake bi zuwa shago, da ranakun da kayi tafiya. A Nuwamba 2017 kamfanin Strava, mai manhajar motsa jiki, ya fitar da taswirar wuraren da masu manhajarsa ke gudu, babu sunan kowa a jiki. Janairu 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afghanistan sun fito ɓaro-ɓaro, saboda sojoji suna zagaye sansani suna motsa jiki da agogo a hannu. Kaga babu wanda yayi kutse a nan, tara bayanai kawai aka yi.

Kyamarar kuma ita tafi damuna gaskiya. Da yawa da fasawod ɗin kamfani suke zuwa, irin admin ko 12345, mai haɗawa ya ɗaura ya karɓi kuɗinsa ya tafi bai canza ba, kuma sau da yawa akawun ɗin ma a wayarsa yake. Da irin waɗannan kyamarori cutar kwamfuta Mirai tayi amfani wajen kai hari a intanet a Oktoba 2016, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa a sassan Amurka.

To yau ɗin nan ka canza fasawod, ka tabbatar akawun ɗin da imel ɗinka aka buɗe, in afdet ya zo kayi. Dan Allah kar a sa irin wannan kyamara a ɗakin kwana. Shiga setin ɗin waya ka bar lokeshan sai lokacin da kake amfani da manhajar. In kana Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta baka damar neman a goge bayananka, kana iya kai ƙorafi hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, amma in kamfanin a wata ƙasa yake bin sawunsa akwai wahala, shi yasa nafi son ka rage abin da kake basu tun farko.