Mukullin gaggawa a ƙofar maganaɗisu

Ɗan'uwa, ka ce na'urar karanta kati a ofishinku takan tsaya, ƙofa ta ƙi buɗuwa, kana tambaya ko maɓallin mukulli zai taimaka. Ƙwarai kuwa, in an haɗa shi daidai.

Wuta ce ke riƙe maganaɗisun, yawanci mai ƙarfin bolt 12 ko 24, da ta yanke sai ya saki. Saboda haka a sa maɓallin kai tsaye a wayar da ke ba shi wuta, ta ƙafar NC, wato wadda wuta ke bi ta cikinta kullum har sai an murɗa mukulli ta yanke. Kuskuren da na fi gani shi ne haɗa shi da akwatin sarrafawa, wato na'urar da ke karɓar saƙon kati ta buɗe ƙofa: ranar da akwatin ya mutu, murɗa mukulli aikin banza ne.

Ta ciki kuwa, a bar koren akwatin gilashin nan da ake fasawa ƙofa ta buɗe a wurinsa, don ba mai laluben mukulli cikin hayaƙi. Haɗawa da ƙararrawar gobara, wannan sai ƙwararren mai gyaran lantarki.