Ganyen Pilea ɗina yana yin rawaya yana zubewa, ina mafita?

'Yar'uwa, kin ce kin sayo Pilea, shukar adon nan mai ganye zagaye kamar kwabo, kin ajiye a falo kina ba ta ruwa kullum amma ganyen ƙasa sai rawaya yake yana faɗuwa. To ni dai a ganina ruwan ne ya yi mata yawa. Asalinta daga duwatsun Yunnan ne a kudancin China, ba ta son saiwarta ta zauna cikin laima, in ƙasar ta daɗe a jiƙe saiwar ruɓewa take yi. Ki riƙa cusa yatsa cikin ƙasar, in kin ji saman ya bushe sai ki zuba ruwa sosai har ya fito ta ƙasa, in da sauran danshi ki ƙyale ta. Kuma dole tukunyar ta kasance da huda a gindi, ki gauraya ƙasar da yashi mai kauri don ruwa ya riƙa wucewa, kar ki bar ruwa kwance a farantin da ke ƙarƙashi.

Haske tana so sosai amma ba rana kai tsaye ba, ranarmu ta bazara ƙona ganyen take, kusa da taga mai labule ya isa. Ki riƙa juya tukunyar duk sati don tana karkata wajen haske. Taki kuma kaɗan, kar ki ƙara mata yanzu da take cikin wahala.

In kin ga gindin ya yi laushi ya yi baƙi, ko wasu fararen ƙwari kamar auduga a bayan ganye, ki kai ta wajen masu lambun furanni su duba saiwar kafin ki fesa wani magani.