Dalilin da ya sa ƙugiya ke karyewa wajen ɗaura ƙwaron fatsa

Malam, ka ce kana koyon ɗaura gashin zabo da zare a jikin ƙugiya domin ta yi kama da ƙwaro, don kamun kifi a madatsar ruwa ta Dadin Kowa, amma ƙugiyoyinka suna karyewa tun kafin ka gama.

A ganina laifin yana wurin riƙo. Ƙarfen ƙugiya an gasa shi ya yi tauri, saboda haka ba ya jure matsi mai yawa, kuma bakinta da ƙayarta, wato ɗan tsinin da ke hana kifi kuɓucewa, su ne suka fi rauni. Idan za ka sa ta a mamatsi, wato abin da ke riƙe ƙugiya yayin ɗauri, ka kama ta a ƙasan gwiwarta, inda ta lanƙwasa, ka bar bakin a waje, sannan ka matse daidai yadda ba za ta motsa ba idan ka ja zare. Idan kana son danne ƙayar da filaya, ka yi hakan tun farko, domin in za ta karye, gara ta karye kafin ka ɓata rabin sa'a a kanta.

Ka fara da ƙugiya mai ɗan girma, lamba 8 ko 10, domin lamba tana ƙaruwa ne ƙugiya tana ƙanƙancewa. Wadda ta yi tsatsa kuwa, ka jefar da ita.