Jigo Daban, Manufa Daban

Tambaya: Malam, a jarrabawa an tambaye mu manufar marubuci, na rubuta jigo, aka kayar da ni. Ba abu ɗaya ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, malaminki ya yi daidai. Je ki lambu da rani ki ga jigo na asali: dogon icce ne a kan gwafa, guga a kai, curin laka a gindi, da shi ake ɗebo ruwan ban-ruwa. Daga nan manazarta suka aro kalmar, wato abin da ya ɗauki nauyin zance duka. Manufa kuwa daga "nufa" take, inda mai magana ya dosa.

Ki tuna kaka da tatsuniyar Gizo. Jigonta kwaɗayi. Amma me ya sa ta zaɓe ta a daren da aka tarar an tsame nama daga tukunya, tana yi tana kallon jika ɗaya? Wannan kallon shi ne manufa. Haka waƙar Sa'adu Zungur, "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya": jigonta tsarin mulki, manufarta jan kunnen sarakuna su gyara tun kafin sarauta ta suɓuce musu.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne haddar nan ta "faɗakarwa, ilimantarwa da nishaɗantarwa". Kowane ɗalibi ya riƙe ta kamar laya, ko tallan maganin basir aka ba shi sai ya zuba ta. Faɗakar da wa? A kan me? A wane lokaci? Wanda bai amsa waɗannan ba bai karanta ba, ido kawai ya bi da shi. Har masu gabatar da shirye-shirye a rediyo sun maimaita ta har ta sane.

Tambaya: "Maƙasudi" Hausa ce?

Amsa: Aro ce daga Larabci, ta daɗe da zama 'yar gida.

Tambaya: Mene ne bambancin zambo da habaici?

Amsa: Mai zambo yana siffanta mutum ƙiri-ƙiri don ya muzanta shi. Mai habaici yana sakaya shi, sai mai kunne ya gane. A nan ne ake cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, ba a kan kowace baƙar magana ba kamar yadda nake gani a Facebook.