Tambaya da Amsa: Intanet ɗin gidana da an yi isha'i sai ta ƙi tafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, wata huɗu kenan maigida ya sayo mana rauta, wato na'urar raba intanet a gida, irin mai sim ɗin nan, da farko lafiya lau amma yanzu sai addu'a, da rana tana ɗan taɓukawa, da an yi isha'i kuwa hoto ɗaya sai ya yi ta juyawa har kwastoma ta gaji ta tafi, wani lokacin ma fitilun duka su mutu su sake kamawa da kansu. Na kira kamfanin sau uku kullum amsar ɗaya, wai in kashe in kunna. Rautar tana falo bayan talabijin. In sayi sabuwa ne ko in canza layi? Daga wata mai karatu a Rijiyar Zaki, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kar ki fitar da ko sisi tukunna, domin abin da kika faɗa ciwo biyu ne daban, kowanne da maganinsa.

Mutuwar fitilu su sake kamawa ba ruwan kamfani, wannan wuta ce ko zafi. Yawancin rautocin nan da bolt 12 suke aiki ta ɗan adaftan da ake sokawa a bango, in wuta ta zo ba ƙarfi, ko lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa janareta, sai ta ɗauke ta fara tashi daga farko, minti biyu ko uku sun tafi kenan. Ki lura ko da tashin firij ko injin jan ruwa abin ke zuwa. Akwai ɗan batirin rauta da ake sayarwa a shagunan kayan waya, ƙaramin UPS, shi ke riƙe ta in wuta ta yi wasa, amma ki juya adaftan ki karanta bolt da amfiyar da aka rubuta ki sayi daidai da su. Sannan ki ɗora tafin hannunki a kanta da azahar. Bayan talabijin a zafin Afrilu na Kano, da ake haura digiri 40, wallahi na sha taɓa wadda hannu ba ya iya daɗewa a kai, wasu ma har kyalle ake lulluɓa mata saboda ƙura, to ta ina za ta sha iska?

Ki cire ta daga nan yau ɗin nan. Rauta mai sim kamar waya take, da ƙarfen sabis na unguwa take magana, bangon bulo da rufin kankare da kwanon rufi duk suna cinye siginar. Ki kai ta kusa da taga, sama-sama, inda rana ba ta dukanta, ki gwada taga biyu ko uku. Kuma kar ki tsaya kan sandunan sigina na gaban rautar kawai. A ƙasan rautar akwai takarda manne da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ki sa ɗaya daga cikin yaran ya buga shi a burauza ya shiga, in taki tana nuna wata lamba mai suna RSRP, mai auna ƙarfin sigina, to ita za ki bi: kusa da -80 sabis ne mai kyau, in ta kai -110 kuwa da kyar take jin ƙarfen.

Maganar dare ita ce mai ɗan wuya. Daga ƙarfe 8 zuwa 11 kowa ya dawo gida, ana kallon ƙwallo ana TikTok, duk unguwa ƙarfen sabis ɗaya ake rabawa kamar famfon layi da safe. Ga yadda za ki gane: ki buɗe fast.com bayan sallar asuba ki rubuta lambar da ya ba ki, ki sake da tara na dare, kwana uku a jere, kina tsaye kusa da rautar. In da asuba tana gudu da dare ta faɗi warwas, cunkoso ne, sabuwar rauta ba za ta yi miki komai ba, sai dai ki tambayi maƙwabta wane layi ne ke musu aiki da dare. In kuma asuba da dare duk tafiyar hawainiya ce, duba datarki, da yawa daga tsarin da ake cewa ba iyaka suna da adadin da in kin cinye shi sai a rage miki gudu har ƙarshen wata.

Tunda an shiga shafin rautar, a duba wayoyi nawa ke kanta. Ku shida ne a gida kika ga goma sha huɗu, to yara sun raba lambar sirri a unguwa, canza ta.

In duk kin yi wannan ba sauyi, ki koma wa kamfanin da lambobin da kika rubuta, ki ce su ba ki lambar ƙorafi, ki adana. Suka yi shiru, kira 622, layin hukumar sadarwa ta NCC ne kuma kyauta ne, wannan lambar ƙorafin za su fara tambayarki.

TAMBAYA: Malam ni faiba aka ja min, wato intanet mai zuwa ta siririyar waya har gida, tun jiya wata jar fitila mai rubutun LOS ke ƙiftawa. In danna riset? Daga wani mai karatu a Barnawa, Kaduna.

AMSA: A'a ɗan'uwa, kar ka sa allura a ɗan ramin riset ɗin nan, zai iya goge saitin da suka yi maka ka ƙara wa kanka aiki. Jar LOS na nufin hasken da ke biyo wayar ɗauke da intanet bai iso ba, wato ta karye ko ta lanƙwashe a wani wuri. Bi siririyar wayar da ido daga akwatin zuwa waje, ko ƙofa ta datse ta ko ɓera ya ci, amma kar ka leƙa bakinta, hasken ba a ganinsa kuma yana illa ga ido. In cikin gida ƙalau ne, tambayi maƙwabcin da kuke kamfani ɗaya, sau da yawa masu haƙar kwalbati ko aikin titi ne suka tsinke ta. Kira su ka ce LOS ja ce, sun san sai an turo mai haɗawa da na'urarsa.